Tsakuwar da Ba Ta Cikin Takalmi: Fashin Baƙi kan Kumburin Jakar Gaɓa a Gindin Yatsun Ƙafa

Akwai wani ciwon ƙafa da masu fama da shi kan kwatanta shi da kalmomi kusan iri ɗaya duk inda suke. Sai su ce ji suke kamar sun taka tsakuwa, ko kamar safa ta nannaɗe a ƙarƙashin yatsunsu. Mutum zai tsaya ya cire takalmi ya zazzage, ya sa hannu ya lalube cikinsa bai ji komai ba, ya mayar ya ci gaba da tafiya, tsakuwar kuwa tana nan daram. Wurin da take shi ne tudun nan na gaban tafin ƙafa, yawanci daidai gindin yatsa na biyu, wato wanda ke bin babban yatsa. Likitocin ƙashi suna kiran wannan larura kafsulaitis, ma'anarta kumburin jakar da ta lulluɓe gaɓa. A wurinmu kuwa da wuya ta tsira daga sunaye biyu, ko a ce sanyi ne, ko a ce targaɗe ne, kuma duka sunayen biyu suna kai mutum ga maganin da ba nata ba. Abin da ya sa na ga ta cancanci dogon bayani shi ne larura ce mai wa'adi: a watanninta na farko filasta da ɗan soso da canjin takalmi suna iya kashe ta, amma idan aka yi sakaci har yatsan ya karkace ya hau kan ɗan'uwansa, babu abin da zai miƙe shi sai wuƙar likita.

Ƙafar ɗan Adam, daga idon sawu zuwa ƙasa, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓɓai 33. Biyar daga cikin ƙasusuwan dogaye ne, sun taso daga tsakiyar ƙafa sun nufi gaba, kowannensu ya ƙare da mulmulallen kai wanda ke zaune cikin ɗan kwarmin ƙashin farko na yatsa. Wannan mahaɗa ita ce ke lanƙwashewa duk lokacin da mutum ya ɗaga dunduniya zai cira ƙafa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci yana kallon yadda ake raba ƙafar sa ya riga ya ga jakar da ake magana a kai, don kafin wuƙa ta shiga tsakanin ƙasusuwa biyu sai ta fara yanka wani farin tantani mai tauri, sannan wani ruwa mai yauƙi ya ɗan zubo, sai ga kan ƙashin yana sheƙi. Farin tantanin nan shi ne jakar gaɓa. Bayanta mai ƙarfi ne, shi ke riƙe ƙasusuwan kada su rabu, cikinta kuma lallausa ne, shi ke samar da ruwan da ke hana su gogar juna.

A gaɓɓan gindin yatsu, ɓangaren jakar da ke fuskantar ƙasa ya yi kauri na musamman, ya zama wani ɗan faifai mai taurin guringuntsi, tsawonsa kimanin santimita 2, kaurinsa milimita 2 zuwa 5. Zan kira shi gammon gaɓa, domin aikinsa na farko irin na gammo ne, yana shiga tsakanin kan ƙashi da nauyin da ke danna shi. Aikinsa na biyu ya fi kama da na linzami, wato shi ne ke riƙe yatsa a ƙasa, ya hana shi tashi sama ko bauɗewa gefe. Kumburin jakar gaɓa a wannan wuri kusan ko da yaushe labarin gammon nan ne: da farko ya gaji ya kumbura, sannan ya saki ya yi laushi, daga ƙarshe ya yage daga inda ya manne da ƙashin yatsa.

Ba banza ba yatsa na biyu ya fi sauran shiga wannan hali. Dogon ƙashin da ke bayansa shi ne ya fi tsawo a cikin biyar ɗin a ƙafar yawancin mutane, sannan gindinsa a cuse yake tsakanin wasu ƙananan ƙasusuwa uku na tsakiyar ƙafa, kamar turken da aka kafa aka daddanne. Sauran ƙasusuwan suna da ɗan sararin yin sama idan nauyi ya yi musu yawa, shi kuwa ba shi da wurin gudu, duk abin da ya zo a kansa yake ƙarewa. A ƙafa mai lafiya babban yatsa da ƙashin da ke bayansa su ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na nauyin jiki lokacin cira ƙafa. Da zarar sun gaza, maƙwabcinsu ne ke biya.

Hanyoyin gazawar suna da yawa, amma wadda aka fi gani ita ce karkacewar babban yatsa, irin wadda ƙullutu ke fitowa a gefen gindinsa shi kuma ya kwanta ya nufi sauran yatsu. Babban yatsan da ya karkace ya daina ture ƙasa yadda ya kamata, ga shi kuma yana matsa wa na biyu daga gefe. Akwai kuma waɗanda halittarsu ce haka, ƙashin bayan babban yatsansu gajere ne ko kuma sakwa-sakwa yake, abin da wani likitan Amurka mai suna Dudley Morton ya yi bayaninsa tun a shekarun 1920. Sai taurin sha-raɓa da agara, wanda mutane ba su cika danganta shi da ciwon yatsa ba, alhali kuwa idan agara ta ɗaure dunduniya tana tashi daga ƙasa tun lokacinta bai yi ba, nauyin jiki ya riƙa faɗawa gaban ƙafa a kowane taku. Ƙaruwar ƙiba tana ƙara wa abin wuta, haka ma shekaru, saboda kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin tafin ƙafa yana raguwa yayin da mutum ke manyanta. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi ganin larurar a wurin mata masu matsakaicin shekaru zuwa sama, ko da yake tana kama samari masu gudu da masu buga ƙwallo a busasshen fili.

Takalmi yana da babban laifi, kuma ba mai tsini kaɗai ba. Kowa ya san takalmin biki mai tsinin dunduniya yana tura nauyi gaba, yana kuma riƙe yatsu a lanƙwashe sama tsawon yini, wanda shi ne ainihin yanayin da ke miƙar da gammon gaɓa. Wanda ba a cika zargi ba shi ne silifas ɗin roba da ya sha jiki har ya zama kamar takarda. Ba ya tare taurin siminti, yana lanƙwashewa daidai kan gaɓar da ke ciwo, sannan dole mai shi ya riƙa ƙanƙame yatsu don kada ya suɓuce. Dogon tsugunno a kan yatsu, irin na masu wanki da masu aikin tayil da makanikai, da yawan hawa tsani, duk suna yin wannan ɓarna. Haka nan tafiya mai yawa da aka yi farat ɗaya ba tare da sabo ba. Alhazai shaida ne, don sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3, ga ɗawafi, yawanci kuma ba takalmi a kan dutse mai tauri, shi ya sa ba abin mamaki ba ne tsohuwa ta dawo daga Makka da ciwon gindin yatsa da ba ta tafi da shi ba.

Alamun suna zuwa ne daki-daki. Da farko ciwo ne a ƙarƙashin gindin yatsa, yana tsananta idan an yi tafiya ba takalmi a kan daɓe mai tauri, yana lafawa idan an zauna. Mutane da yawa a sujada suke fara lura da shi, ko a zaman tahiya inda ake kafe ƙafar dama, domin a nan yatsu ke lanƙwashewa iyakar lanƙwasa. Daga nan sai ɗan kumburi ya bayyana, wani lokaci har a saman ƙafa, ta yadda idan aka jera ƙafafun biyu za a ga jijiyoyin da ke bayyane a kan mai lafiyar sun nutse a kan mai ciwon. Kanta, wato kaurin fata, tana iya fitowa a ƙarƙashin wurin, mutum kuma ya fara taka gefen ƙafa don gudun zafi, har gwiwa ko ƙugu su soma amsawa.

Alamar da ta fi kowacce muhimmanci ba ta da zafi, shi ya sa ake raina ta. Idan mutum ya miƙe tsaye ya dubi ƙafarsa, zai ga rata ta buɗe tsakanin yatsa na biyu da na uku, ko ya ga kan yatsa na biyu ya ɗan ɗaga ba ya taɓa ƙasa kamar sauran. Ma'anar wannan ita ce linzamin ya fara saki. Akwai gwaji mai sauƙi da likitoci kan yi, wanda kowa zai iya yi a ɗaki: a yanko siririyar takarda a sa a ƙarƙashin kan yatsan, mutum yana tsaye, a ce ya danne ta da ƙarfinsa, sannan a ja. Lafiyayyen yatsa zai riƙe ta har ta yage, wanda gammonsa ya lalace kuwa sai ta zare sumul. Idan aka bar abin ya ci gaba, yatsan zai ƙudundune, ya karkata wajen babban yatsa, a ƙarshe ya hau kansa, yanayin da likitan ƙafa Michael Coughlin na Amurka ya bayyana ya kuma raɗa wa suna a 1987. Abin takaici shi ne wasu a daidai wannan mataki suke jin zafin ya ragu, su ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali abin da ke ciwon ne ya gama tsinkewa.

Ba kowane ciwon gaban ƙafa ne wannan larura ba, kuma rarrabewa tana da amfani domin magungunan sun sha bamban. Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce kaurin jijiyar ji da ke ratsa tsakanin ƙasusuwa, wanda ake jingina wa wani likitan daban, Thomas Morton na birnin Filadelfiya a Amurka, tun 1876. Shi wannan ya fi zama tsakanin yatsa na uku da na huɗu, zafinsa kamar ƙuna ko jan lantarki ne, yana zuwa da dindiris a yatsu, kuma mai shi yana samun sauƙi idan ya cire takalmi, saɓanin mai kumburin jaka wanda tafiya ba takalmi ce azabarsa. Akwai tsagewar ƙashi ta gajiya, wadda aka fara ganewa a ƙafafun sojoji masu doguwar tafiya, ita kuma zafinta a saman ƙafa yake, a jikin sandar ƙashin. Idan budurwa ce 'yar shekara goma sha wani abu ke kukan gindin yatsa na biyu, likita zai yi tunanin cutar da likita Albert Freiberg ya bayyana a 1914, inda kan ƙashin ke rasa isasshen jini ya baje. Idan kuwa gaɓɓai da yawa ne suka kumbura a ƙafafu biyu har da hannaye, suna sandarewa da safe na tsawon lokaci, to batun amosanin gaɓɓai ne, wanda ke buƙatar gwajin jini da magani na daban.

Akwai yanayin da ba a jira ko kwana ɗaya. Gaɓar da ta kumbura cikin sa'o'i, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shige ta, kuma irin wannan yana cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki. Mai ciwon suga da mai sikila, duk kumburin da suka gani a ƙafa, asibiti ya kamata ya fara gani kafin kowa.

A asibiti yawancin aikin hannu ne ke yinsa. Likita zai danna ƙarƙashin gaɓar ya ga ko nan ne cibiyar zafin, sannan ya riƙe dogon ƙashin da hannu ɗaya, ya kama gindin yatsan da ɗayan ya tura shi sama kamar mai jan aljihun tebur. Idan yatsan ya zame sama fiye da kima, ko zafin ya tashi nan take, magana ta fito. Hoton ƙashi ba ya nuna jaka ko gammo, amma yana nuna tsawon ƙasusuwa da karkacewa da karaya, kuma ya fi amfani idan an ɗauke shi mutum yana tsaye a kan ƙafarsa. Sikanin ko hoton MRI su ne ke nuna yagewar kanta, galibi kuma ba a buƙatarsu sai ana tunanin tiyata.

Maganin matakin farko manufarsa ɗaya ce, a sauke wa gammon kaya, a kuma hana yatsan lanƙwashewa sama har naman ya warke. Hutu yana ciki, amma ba kwanciya ake nufi ba, ana nufin a bar gudu da tsalle da tsugunno a kan yatsu, a daina taka siminti ko tayil ba takalmi ko da a tsakar gida ne. Ƙanƙara da aka naɗe a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a yini, tana rage kumburi. Game da salla, addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma ya fi kyau mutum ya tambayi malami yadda zai sassauta kafe yatsun na 'yan makonni da ya riƙa cije baki yana ƙara yaga abin da ke neman haɗewa.

Ɗaurin filasta shi ne abu mafi arha kuma mafi tasiri, idan an iya shi. Ana samun filasta mara miƙewa mai faɗin kusan santimita 1, a yanko tsawon da bai gaza taƙi ɗaya ba. A ɗora tsakiyarta a saman gindin yatsan, kusa da inda ya haɗu da ƙafa, ba a kan farce ba. A zuro bakunan biyu ta tsakanin yatsu zuwa ƙasa, a ɗan danna yatsan ƙasa kaɗan ya daidaita da 'yan'uwansa, sannan a giciye bakunan a ƙarƙashin tafin ƙafa a manne su suna kallon dunduniya. Filastar ta zama linzamin aro ke nan. Kada a matse har kan yatsan ya canza launi ko ya yi sanyi, a canza ta kullum bayan wanka, kuma a daure a yi haka na makonni, ba kwana uku ba. Mai ciwon suga ko wanda ƙafarsa ba ta ji sosai kada ya yi wannan ɗauri sai da idon ma'aikacin lafiya.

Na biyu shi ne ɗan tudun soso ko roba da ake mannawa a cikin takalmi, kuma a nan ne kusan kowa ke kuskure. Hankali yana ba mutum ya sa shi daidai ƙarƙashin wurin da ke ciwo, wanda hakan ƙara danna ciwon ne. Wurinsa yana bayan tudun, wajen tsakiyar ƙafa, ta yadda zai tallafi sandar ƙashin ya ɗage kansa daga ƙasa. Dabarar gano wurin ita ce a ɗiga jan-baki ko alli a daidai inda ya fi zafi, a sa takalmi a taka, tabon zai fito a shimfiɗar ciki, sai a manna soson a bayan tabon da kamar faɗin yatsa ɗaya. Shi kansa takalmin a zaɓi mai faɗin gaba, mai kaurin ƙasa, wanda idan aka kama shi da hannu biyu aka yi ƙoƙarin naɗe shi zai ƙi. Kambas mai taurin ƙasa wanda gabansa ya ɗan ɗaga ya fi kowanne dacewa. Sai miƙar da sha-raɓa: a dafa bango, a mayar da ƙafa mai ciwon baya, dunduniya a ƙasa gwiwa a miƙe, a tsaya daƙiƙa 30, a maimaita sau da yawa safe da yamma. Idan duk wannan bai wadatar ba, likita kan sa mutum cikin takalmin asibiti mai tauri na makonni 4 zuwa 6.

Magungunan rage kumburi irin su ibufurofen da dikulofenak suna taimakawa na ɗan lokaci, amma ba su gyara abin da ya kawo ciwon, kuma suna da haɗari ga mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai hawan jini da mai juna biyu. Abin da ya fi damuna shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a wasu kemis, wanda sau da yawa akwai sinadarin siteroyid a ciki. Mutum zai sha ya ji garau, ya koma takawa da ƙarfinsa a kan gaɓar da ba ta warke ba, ga illar da maganin ke yi wa suga da hawan jini. Ko allurar siteroyid da likita ke yi a cikin gaɓar, ƙwararru suna taka-tsantsan da ita a wannan wuri, domin tana kashe zafi amma tana iya raunana gammon ta gaggauta yagewarsa, shi ya sa idan an yi ta ake haɗawa da ɗaure yatsan, kuma ba a yawan maimaita ta.

Dole a yi maganar masu ɗori, tunda wurinsu ake fara zuwa. Ban raina abin da suka gada ba, amma abin da aka saba yi wa targaɗe, wato a ja yatsa da ƙarfi a murɗa shi har ya yi ƙara, shi ne daidai abin da bai kamata a yi wa wannan larura ba. Ba wani ƙashi ne ya goce da za a mayar ba, nama ne ya miƙe yana neman yagewa, kuma ja ba ya ƙara masa komai sai tsawo. Tsaga da sakiya a tafin ƙafa kuwa suna buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa kusa da gaɓa, ga tabon da zai zauna a wurin da ake takawa.

Wanda ya kama abin da wuri ya kuma bi waɗannan matakai yakan ga sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12, wani lokaci abin ya ɗauki watanni, saboda gammon ba shi da wadatar hanyoyin jini, warkewarsa a hankali take. Idan watanni suka shuɗe ba canji, ko yatsan ya riga ya hau kan ɗan'uwansa, sai a koma ga likitan ƙashi, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa. Tiyatar da aka fi yi ita ce a yanka dogon ƙashin a karkace kusa da kansa, a ja shi baya da 'yan milimitoci a kafe da ƙaramin noti, aikin da ke ɗauke da sunan likita Lowell Weil na Amurka, sannan a ɗinke gammon a mayar da shi jikin ƙashin yatsa. Wani lokaci ana karkato jijiyar da ke lanƙwasa yatsa a ɗaura ta ta sama don ta riƙe shi a ƙasa. Idan karkacewar babban yatsa ce tushen matsalar, ita ma sai an gyara ta a lokaci guda, in ba haka ba abin zai dawo. Bayan aikin mutum yakan yi kimanin makonni 6 cikin takalmi na musamman, kumburi kan ɗauki watanni kafin ya sauka gaba ɗaya, kuma ko a hannun gwani yatsan yana iya saura da ɗan tauri, ko ya zauna a ɗage kaɗan ba ya taɓa ƙasa sosai.